Kuɗin mace da na miji: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kullum tambayoyin nan ne dai, to yau ga su gaba ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turo min.

Dole ne in sa albashina a cefane?
A'a. Ci da sha da sutura da wurin kwana duk a wuyan miji suke. In kin taimaka kin kyauta, kin samu lada.

Sadakina na waye?
Naki. Ba na Baba ba, ba na Kawu ba.

Ai iyayenmu ba su yi aiki ba kuma sun zauna lafiya?
Wa ya gaya miki? Kakata tana cikin kulle amma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, yara na kai mata talla, tana zubin adashi, awakinta na ɗaure a bayan ɗaki, da su ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Ba ta taɓa roƙon kuɗin biki ba. A da hatsi na rumbu, yanzu komai sai an auno, ga haya ga kuɗin makaranta, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 albashin mutum ɗaya da ƙyar yake ganin tsakiyar wata. Ke kuma kina kwance da waya kina jiran alat.

Maigida ya ce in kawo kuɗina mu haɗa mu yi gini, amma takardar fili da sunansa take. In ba shi?
To nan kam ba zan ce miki e ko a'a kai tsaye ba, don ban san mijinki ba, ke kika san shi. Akwai mazan da wallahi ko ba rubutu ba za su ci haƙƙinki ba, kuma ban ce ki tada rigima a gidan da ake zaune lafiya ba. Amma ki lura, matsalar sau da yawa ba shi ba ne, ranar da ya faɗi ya mutu gidan nan ya zama na magada, ke tumunin takaba ne naki in yana da 'ya'ya, wato kashi ɗaya cikin takwas, in kuma akwai kishiya tumunin nan ɗaya za ku raba, sannan ki zo kina cewa ni na sayi bulo da kwano, dangin miji su ce ina shaida? Saboda haka ku fayyace tun yanzu, kyauta ce, bashi ne, ko haɗin gwiwa. In bashi ne a rubuta da shaidu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take, ba rashin yarda ba ne. Ki tura ta banki ki ajiye rasit. In zai yarda a sa sunanki a takarda ya fi. In kuma ya hau fushi don kawai kin ambaci rubutu, to ki ɗan dakata, ki samu malami ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, da lallami ake yin maganar, ba a gaban yara ba.

In an sake ni ai gwamnati na aurar da zawarawa?
Hisbar Kano ta fara a 2012, a 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da angwayensu. Ki ƙirga zawarawan unguwarku kaɗai ki gani ko layin zai zo kanki.

Ba ni da jari, da me zan fara?
Zoben da ke hannunki, nawa zai yi in kin sayar?