Ganganci wajen yanke shawara ga masu larurar shaye-shaye

Ganganci wajen yanke shawara ɗabi'a ce da likitocin ƙwaƙwalwa ke yawan gani ga wanda shaye-shaye ya zame masa larura: ya riƙa zaɓen abin da ke da daɗi nan take, alhali ya san asarar da za ta biyo baya ta fi daɗin girma. Mafi yawan masu larurar sun san illar sarai. Abin da ya karkace shi ne ma'aunin da ƙwaƙwalwa ke auna yau da gobe da shi.

A 2018 Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sun kiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara ɗaya kafin binciken, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma, shiyyar da Zamfara da Kebbi suke. Tabar wiwi ce kan gaba, sai tiramol da dangoginsa, sai maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Gwajin karta

Sanannen ma'aunin wannan ɗabi'a shi ne gwajin da Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu suka fitar a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1994. Ana aje wa mutum tarin karta huɗu, ya zari kati 100 ɗaya bayan ɗaya. Tari biyu na ba da dala 100 a kowane kati, amma tarar da ke ɓoye cikinsu takan cinye ribar har da uwar kuɗi. Sauran biyun dala 50 kawai suke bayarwa, tararsu kaɗan, kuma su ke kai mutum ga riba. Mai lafiya yakan gane bayan ya ƙone 'yan lokuta. Har zufa ke tsattsafo masa idan ya miƙa hannu wajen mugun tari, tun bai iya faɗin dalili ba. Da yawa daga masu shaye-shaye kuwa sai su yi ta komawa ga tarin dala 100, kamar waɗanda suka ji rauni a goshin ƙwaƙwalwa. Ba dukansu ba ne, kuma wannan abin lura ne: wasu suna cin gwajin lafiya lau.

Dalilin yana da alaƙa da sinadarin dofamin, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da ya yi mata daɗi. Ƙwaya tana kwararo shi fiye da abinci ko albashi, a hankali sauran abubuwa su zama lami. Shi kuma ɓangaren goshi, mai taka wa mutum burki, ƙarfinsa ya ragu. Wannan ɓangare bai gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara tun yana yaro ya fi shiga haɗari. Wasu kuma da gaggawarsu suka zo tun kafin su san ƙwaya, ita ce ma ta kai su gare ta.

Yadda abin ke bayyana

Ɗan kabu-kabu a Gusau zai haɗiye tiramol mai miligiram 225 da sassafe, alhali 50 da 100 ne aka yarda a sayar, don ya yi aiki har dare bai gaji ba. Ya san ƙwayar kan kayar da mutum da jijjiga kamar farfaɗiya, wataƙila ma ya taɓa ɗaukar abokinsa daga kan kwalta. Amma kuɗin cefane na yau ne, faɗuwa kuwa ta wata rana ce. Haka mai haƙar zinari a yankin Anka zai sake faɗawa ramin da ya ga bangonsa na zubar da ƙasa. Mafi ban tausayi shi ne wanda ya yi watanni a tsare, ya fito ya sha adadin da ya saba: jikinsa ya daina jurewa, numfashi na iya tsayawa.

Magani

Tunda barazanar nesa ba ta cika tasiri ba, hanyoyin da suka fi aiki su ne masu kusanto da lada. Akwai tsarin da ake ba majinyaci ƙaramar kyauta nan take duk lokacin da gwajin fitsarinsa ya fito babu ƙwaya, akwai kuma zaman koyar da shi gane wuri da abokai da lokacin da ke tayar masa da sha'awa. Ɗaure mutum da mari yana raba shi da ƙwaya na ɗan lokaci, amma bai koya masa zaɓi ba, ga cin mutunci. Iyalai daga Zamfara da Kebbi kan kai majinyata Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989 ma tana ba da shawara da gyaran hali baya ga kame. Ƙwaƙwalwa na farfaɗowa idan an daina, sai dai abin na ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma a farkon wannan tsakani ne aka fi komawa ruwa.