Sosej mai siffar gawar Misira

Sosej mai siffar gawar Misira, wanda Amurkawa ke kira mummy dog, abin taɓawa ne da ake yi wa yara lokacin bikin Halowin, wato daren 31 ga Oktoba. Ana ɗaukar dogon sosej irin na hotdog, wato wanda ake ci a cikin tsagaggen burodi, a naɗe shi da siraran zaruruwan kwaɓin fulawa, a bar ɗan fili wajen kai, a gasa, sannan a ɗiga masa idanu biyu. In ya fito daga tanderu sai ya yi kama da gawar mutanen Misira na dā wadda aka naɗe da ƙyalle. An fi yin sa a Amurka da Kanada, ya kuma bi bikin zuwa Birtaniya da Ostareliya. Yana cikin abincin da ake yi wa siffar ban tsoro don yara su yi dariya, irin su yatsu da gizo-gizo da tsutsa, waɗanda duk daga sosej ake yanko su.

Asalin sosej da kwaɓin

Sosej nama ne niƙaƙƙe da aka haɗa da gishiri da kayan ƙamshi, aka ɗura cikin hanji ko wata siririyar fata. Irin wanda ake wannan abinci da shi ya fito ne daga ƙasashen masu jin Jamusanci. Biranen Frankfurt da Vienna kowanne na cewa nasa ne, har yau kuma sunayensu na manne da shi a kasuwa. Jamusawa 'yan ci-rani ne suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Ana yawan cewa Charles Feltman ne ya fara sayar da shi cikin burodi a Coney Island da ke New York, wajen 1867 ko 'yan shekaru bayan haka, amma akwai masu ja da wannan. A 1916 Nathan Handwerker, wanda ya yi aiki a gidan abincin Feltman, ya buɗe nasa wurin yana sayar da guda ɗaya senti 5, rabin farashin can. Arharsa ce ta mayar da shi abincin filin wasa da na yara.

Naɗe sosej da kwaɓi a gasa tsohuwar dabara ce a Turai. Jamusawa na da nasu, Ingilishi na da nasu, kuma na Ingilishi ne ya iso Najeriya, inda kamfanin UAC ya fara sayar da Gala a 1962. A Amurka ƙananan irinsa sun shiga littattafan girkin yara tun wajen shekarun 1950.

Abin da ya sauƙaƙa aikin ƙwarai shi ne kwaɓin da ake sayarwa a shirye. A 1931 wani mai gasa burodi a Louisville ta jihar Kentucky, Lively Willoughby, ya yi rajistar hanyar ajiye ɗanyen kwaɓi cikin dogon kwali a firji. Kamfanin Ballard & Ballard ne ya riƙa sayar da shi, har Pillsbury ya sayi kamfanin a 1951. A 1965 Pillsbury ya fito da kwaɓin da ake murɗawa ya yi siffar jinjirin wata. Wannan kwaɓi yana zuwa a shimfiɗe, ba kauri, ba ya buƙatar a jira ya tashi, don haka uwa na iya buɗe kwali ta yanka shi zare-zare cikin 'yan mintuna. Bisa dukkan alamu a ƙarshen ƙarni na 20 ne siffar gawar ta yaɗu ta mujallun girki da tallan kamfanonin kwaɓi, daga baya intanet ta kai ta ko'ina.

Bikin da ya haife shi

Halowin na da saiwa biyu. Ɗaya ita ce Samhain, bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayaland da Sikotland, lokacin da suka yi imani cewa matattu na kusantar masu rai. Ɗayar ita ce ranar tunawa da dukkan waliyyai ta Cocin Katolika, wadda ta tsaya a 1 ga Nuwamba tsakanin ƙarni na 8 da na 9, Halowin kuwa jajibirinta ne. Masana tarihi ba su daidaita ba kan wacce ta fi tasiri. 'Yan Ayaland da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kora ne suka fi kai al'adar Amurka.

A farkon ƙarni na 20 daren ya yi ƙaurin suna da ɓarnar samari, ana cire ƙyauren shinge, ana kifar da kaya. Unguwanni da makarantu suka fara shirya liyafa don a tsare yara wuri ɗaya. Bin gida-gida ana roƙon alewa cikin shigar dodanni ya yaɗu a shekarun 1930, ƙarancin sukari lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya rage shi, sannan ya dawo da ƙarfi a shekarun 1950. Daga shekarun 1970 iyaye suka soma tsoron alewar da baƙo ya bayar, tsoron kuma ya ƙaru a 1982, bayan maganin ciwon kai da aka sa wa guba ya kashe mutum 7 a yankin Chicago makonni kaɗan kafin bikin. Tun daga nan abin da ake miƙa wa yara a ƙofa ya koma na kanti mai leda, girkin hannu kuwa ya koma teburin gida da liyafar makaranta. A nan ne wannan sosej ya sami gurbinsa. Iyaye da yawa na ba da shi da yamma kafin a fita, don kada cikin yaro ya zama ba komai sai alewa.

Dalilin siffar gawa

Mutanen Misira na dā suna cire kayan cikin mamaci, su busar da jikin da wani gishiri mai suna natron, ɗan'uwan kanwa, sannan su naɗe shi da dogayen ƙyallayen lilin. Aikin kan ɗauki kimanin kwana 70. A wurinsu girmamawa ce da shiri don rayuwar lahira, babu batun tsoratarwa a ciki.

Turawa ne suka mayar da gawar dodo. A Nuwamba 1922 Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun kusa da Luxor. A Afrilu 1923 Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin tonon, ya rasu a Alƙahira bayan cizon sauro ya yi masa rauni ya rikiɗe. Jaridu suka cika da labarin cewa la'anar Fir'auna ce ta bi shi, ko da yake Carter kansa ya rayu har 1939. Finafinan ban tsoro na Hollywood na shekarun 1930 da 1940 suka ɗauki labarin, suka kafa hoton gawa mai tafiya tana jan bandeji. Shigar ta yi farin jini wajen yara domin tsohon zanen gado ya isa a yi ta, kuma kwaikwayonta da kwaɓi ba ya buƙatar gwaninta, tunda naɗin da ya karkace ma ya fi kama.

Yadda ake haɗawa

Ana tsane sosej da tsumma mai tsabta don kwaɓi ya kama jikinsa. A yanka kwaɓin zare-zare, faɗin kowanne bai wuce rabin santimita zuwa ɗaya ba, a naɗa daga ƙasa zuwa sama ana giccewa, a tsallake wajen fuska, a ɗora ɗan naɗi a kai. Wasu kan sa yankin cuku a ƙarƙashi. A jera a farantin gashi, a sa a tanderu mai zafin digiri 190 na ma'aunin Salsiyos na minti 12 zuwa 15, har kwaɓin ya yi ja-ja. Sai ya ɗan huce ake ɗiga idanu da mustad (wani rawayan kwaɓi mai ɗan yaji) ko kecap (jan kwaɓin tumatir), da bakin tsinken sakace. Wanda ba shi da kwaɓin kwali na iya amfani da na fiza ko na burodi, in dai an murza shi ya yi siriri.

Naɗin shi ne aikin yara, kuma shi ne daɗin abin. Wuƙa da tanderu na babba ne.

Sauran siffofi

Don yatsu, ana fere ɗan wuri a bakin sosej ya zama gurbin farce, a tsaga layuka uku-uku a matsayin gaɓoɓi, a shafa kecap a gindi. Don gizo-gizo, ana tsaga ɓangarorin biyu gida huɗu-huɗu a bar tsakiya, zafi sai ya sa ƙafafun su lanƙwashe. Tsutsa kuwa dogayen yanka ne da ake jefawa a tafasasshen ruwa su murɗe. Japanawa na da irin wannan yanka a akwatin abincin makaranta, mai siffar dabbar teku mai ƙafafu takwas, amma ba shi da alaƙa da Halowin.

Lafiyar yara

Wannan shi ne ɓangaren da bai kamata ado ya rufe ba. Kaurin sosej ya yi daidai da maƙogwaron ƙaramin yaro, ga santsi, ga taushi, in ya maƙale yana toshe hanyar numfashi ruf. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da sanarwa kan shaƙewa, ta kawo binciken da ya nuna hotdog ne sanadin kashi 17 cikin 100 na mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 10 da abinci ya shaƙe, ta kuma nemi a sake masa siffa a sa masa gargaɗi. Yaron da bai kai shekara 4 ba, a tsaga masa shi ta tsawo sannan a yayyanka ƙanana. Yanka shi zagaye-zagaye kamar kwabo bai rage haɗarin ba. A ci a zaune, babba na kallo, musamman a liyafa inda yara ke guje-guje da abin rufe fuska.

Ko da an dafa sosej tun daga masana'anta, ana so a dumama shi har ya yi tururi saboda ƙwayar cutar listeriya. Yana da gishiri da kitse da yawa. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na babban hanji, musamman ga mai cin sa kullum.

Addini

Sosej da yawa na Amurka da Turai na da naman alade, wani lokaci har a fatar da aka ɗura shi. Musulmi da Yahudawa kan nemi na naman sa ko kaza mai shaidar halal ko kosha. Malaman Musulunci da dama da wasu majami'un Kirista na hana shiga bikin Halowin ɗin kansa, wasu iyalai kuma na ɗaukar sa wasan yara kawai.