Waiwaye: Me ya sa majalisa ke ɓoye daftarin rahoton kwamiti?

Duk lokacin da aka ce wani kwamitin majalisa ya shiga zaman sirri don duba rahotonsa, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne to shikenan za a binne maganar. Ban ga laifin mai wannan zargi ba gaskiya, don an sha binne rahotanni. Amma dokar ɓoye daftari daban take, tsohuwa ce kuma tana da dalili, ni dai ina cikin masu ganin idan babu ita kwamiti ba zai iya taɓa gwamnati ba ko kaɗan.

Asalin abin daga majalisar Birtaniya ne, ƙasashen da suka gaji tsarinta irin su Kanada da Ostareliya da Indiya duk can suka ɗauko. Da can ko muhawarar zauren majalisa ma laifi ne ka buga a jarida. Sai a 1771 aka yi rigimar nan da masu buga jaridun Landan, har majalisa ta sa aka tsare magajin garin, Brass Crosby, don ya tsaya musu, jama'a suka goya masa baya, daga nan majalisa ta sakar wa 'yan jarida mara. Amma ɗakin kwamiti bai buɗe ba. A 1837 majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin cewa duk shaidar da kwamiti ya karɓa da takardun da aka miƙa masa, muddin ba a gabatar da su ga zauren majalisa ba, babu ɗan kwamiti ko wani mutum da zai buga su. Daga baya an sassauta kan zaman jin bahasi da ake yi a bainar jama'a, amma daftarin rahoto har yau a rufe yake.

Sai ka ga yadda ake aikin kafin ka gane. An gama jin shaidu, ma'aikatan kwamiti sun rubuta daftari da sunan ciyaman, an raba wa mambobi, an rufe ƙofa. Ana bin shi sakin layi bayan sakin layi, wannan ya ce a cire kalmar nan ta yi zafi, wancan ya ce in aka cire ni kuma ba zan yarda da shawara ta uku ba, in an kasa daidaitawa a kaɗa ƙuri'a. A wannan ɗakin ne ɗan jam'iyya mai mulki zai iya amincewa cewa e lallai ministanmu ya yi kuskure, ɗan adawa shi ma ya sauko daga wani zargin da ba shi da hujja a kai. To ka ɗauka daftarin ya fita tun ranar farko. Wayar ɗan majalisar nan ba za ta huta ba, ga bulaliyar jam'iyya ga ofishin minista, duk gyaran da aka yi bayan nan za a ce an saye su ne, shi kuma mutumin da aka ambaci sunansa a daftarin farko kafin a gano ba shi da laifi, sunansa ya riga ya ɓaci.

An daɗe ana ɗora fushin kan 'yan jarida. A 1975 mujallar The Economist ta buga abin da ke cikin daftarin kwamitin da ke duba harajin dukiya, kwamitin kare alfarmar majalisa ya ce a hana editan da wakilinsa shiga harabar majalisa wata 6, zauren majalisa ya ƙi. A 1986 aka maimaita da wakilin jaridar The Times kan daftarin kwamitin muhalli game da sharar nukiliya, nan ma aka nemi wata 6, nan ma mambobi suka ƙi. Hujjarsu mai sauƙi ce, ɓera da sata daddawa ma da wari, ta yaya za a hukunta wanda aka miƙa wa takarda alhali wanda ya miƙa ɗin yana zaune a cikinmu ba a ma san ko waye ba?

Shari'ar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta 1999, kuma babu ɗan jarida a cikinta. Bayan sojoji sun kifar da shugaba Ahmad Tejan Kabbah a Saliyo a 1997, kamfanin sojan haya na Birtaniya mai suna Sandline ya kai makamai ƙasar duk da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya, kwamitin harkokin waje na majalisar Birtaniya ya shiga binciken abin da jami'an ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya suka sani. Sai wani ɗan kwamitin daga jam'iyyar Leba mai mulki, Ernie Ross, ya tura wa ofishin ministan harkokin waje Robin Cook daftarin rahoton, wato wanda ake bincikar ma'aikatarsa ya samu takardar kafin majalisar da ta ba da aikin ta gani. Ross ya bar kwamitin, aka kuma dakatar da shi daga majalisa kwana 10. Duk a shekarar aka dakatar da Kali Mountford kwana 5 da Don Touhig kwana 3 kan daftarin kwamitin jin daɗin jama'a, shi Touhig a lokacin mataimaki ne ga ministan kuɗi Gordon Brown a majalisa. Wannan fa shi ne ainihin abin da dokar ke tsoro, ba wai talaka ya ji ba, ai rahoton na ƙarshe kowa zai karanta har da yadda kowane mamba ya kaɗa ƙuri'a.

Ostareliya ta ƙara gaba, dokarta ta 1987 ta mayar da fitar da shaidar da aka bayar a zaman sirri laifin da kotu za ta iya ɗaure mutum wata 6 a kai. A Birtaniya kuwa yanzu kwamitin da aka yi wa ɓarna shi ke fara bincike, a tambayi mambobi da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ko kai ne, sannan ya yanke ko fitar takardar ta kawo cikas sosai ga aikinsa, in ta kawo sai maganar ta wuce gaba zuwa kwamitin alfarma. Sau da yawa kowa cewa yake ba ni ba ne, ɗan jarida kuma ba zai faɗi majiyarsa ba, ga shi yanzu ɗaukar hoton shafi da waya bai kai minti ɗaya ba. Shi ya sa wasu kwamitocin ke sa wa kowane kwafi lamba, su raba a cikin ɗaki, in an tashi su karɓe kayansu.