Riga malam masallaci a dokar haɗewar kamfanoni

A Amurka, in manyan kamfanoni biyu suka shirya haɗewa, ba a yarda su fara aiki tamkar kamfani guda nan take ba. Dokar Hart-Scott-Rodino ta 1976 ta wajabta musu su sanar da Ma'aikatar Shari'a da FTC, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, sannan su dakata kwana 30. Wa'adin kan ƙaru in hukuma ta nemi ƙarin takardu. Muddin ana cikin jiran nan, kowanne sai ya ci gaba da neman kasuwarsa shi kaɗai.

Nan ne Gemstar da TV Guide suka yi tuntuɓe. Su biyun ne jiga-jigai a harkar jadawalin shirye-shiryen da ke fitowa a fuskar talabijin, wanda mai kallo zai danna rimot ya ga abin da za a nuna ƙarfe tara na dare, ya zaɓa. Kamfanonin kebul, wato masu kai tashoshin talabijin gidaje ta waya, ke sayen lasisin wannan fasaha a wurinsu. Sun sanar da haɗewa a Oktoban 1999, aka kammala a Yulin 2000.

Zargin Ma'aikatar Shari'a shi ne tun kafin a kammala sun haɗa baki kan farashi da sharuɗɗa, sun raba abokan ciniki, sun kuma yarda su riƙa jan ƙafa a tattaunawa da manyan kamfanonin kebul. Ka duba halin mai saye: ya ji farashin wannan ya yi tsada, ya tafi wurin wancan yana zaton zai samu sauƙi, alhali bakinsu ɗaya. Wannan ne ya fi damuna a lamarin, domin ko da hukuma ta hana haɗewar daga baya, an riga an cuce shi. Irin wannan haɗin baki kuwa sashe na 1 na Dokar Sherman ta 1890 ya haramta shi, ko ana shirin haɗewa ko ba a yi.

A Fabrairun 2003 kamfanin da aka haɗe ya amince ya biya tarar dala miliyan 5.67 kan karya ƙa'idar jiran nan, bisa lissafin dala 11,000 a kowace rana kan kowane kamfani, iyakar abin da doka ta tanada a lokacin. Ba a warware haɗewar ba, amma an ba wasu abokan cinikin da suka sa hannu a kwangila a wancan tsakanin damar soke ta.