Silaim na wasan yara: me za a zuba a kwaɓin, me za a bari

Iyaye da malaman makarantun reno, yara suna ganin silaim a TikTok da YouTube, wannan kwaɓi mai yauƙi da ake ja yana miƙewa, sai su dawo suna roƙon a yi musu. Wasan kansa yana da amfani. Matsawa da mulmulawa suna ƙarfafa 'yan yatsun da gobe za su riƙe fensir, kuma yaro mai ƙiriniya kan natsu a kansa. Damuwarmu tana kan abin da ake zubawa a ciki.

Yawancin na bidiyo ana yin sa ne da farin gam na makaranta da sinadarin boras. Boras ɗin ne ke ɗaure gam ya koma kamar roba, shi ne kuma ke cin fata idan ya yi yawa ko aka daɗe ana wasa da shi: hannu ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har ya saluɓe. Idan aka haɗiye shi yana kawo amai da gudawa. A 2016 hukumar lafiya ta Kanada ta shawarci iyaye su daina sa shi a kayan wasan da ake haɗawa a gida. A 2018 ƙungiyar kare masu saye ta Which? a Birtaniya ta gwada silaim 11 na kasuwa, 8 suka wuce iyakar da Tarayyar Turai ta sa, wato miligiram 300 na boron, sinadarin da ke cikin boras, a kowane kilo. Wanda ake cewa "babu boras" amma an zuba ruwan wanke gilashin ido na mannawa, shi ma galibi dangin sinadarin ne a ciki.

Don haka ga ƙananan yara, a tsaya a kan na kicin. A sami garin kwastad ko farin garin sitacin masara kofi 2, ruwa kofi 1. Garin za a fara zubawa a roba mai faɗi, a riƙa ɗiga ruwan kaɗan-kaɗan ana cuɗawa da hannu. Ya yi daidai idan an dunƙule shi ya yi tauri a tafin hannu, da an saki kuma ya narke ya zubo ta tsakanin yatsu. In ya yi ruwa a ƙara gari cokali ɗaya, in yana farfashewa a yayyafa ruwa. Garin tuwo ko fulawa ba sa yin haka, ƙullu kawai za a samu.

Mai son wanda ke miƙewa ya dama sitacin rogo na ci, cokali 2 na cin abinci a kofi 1 na ruwan sanyi, ya ɗora a wuta kaɗan yana juyawa har farin ya tafi ya koma garai-garai. Da ruwan sanyi ake farawa, in ba haka ba gudaji zai yi. A nan ake yawan ƙonewa, domin sama takan huce alhali cikin yana da zafi. Babba ya tsoma yatsa har tsakiya kafin a miƙa wa yaro. Launi kuwa, ɗigon ruwan zoɓo ko kalar abinci ya isa. Kurkum yana da kyau a ido amma ba ya fita a riga.

Wannan kwaɓi abinci ne a wurin ƙuda da ƙwayoyin cuta, a zafinmu kwana ɗaya ya isa ya yi tsami. A yi kaɗan, a wanke hannu kafin wasa da bayansa, a zubar a shara ranar. Kada a juye a makwarara, sitaci yana kwantawa ya toshe ta.

Garin sabulun wanki, man wanke gashi da kumfar aski ba na hannun yaro ba ne na tsawon lokaci. Sodar haɗa sabulu kuwa ko kusa, ƙuna take yi nan take. Duwatsun ado, maɓalli da ƙananan maganaɗisu ba a sa su inda akwai ɗan ƙasa da shekara 3. Yaron da ke da ƙyasbi mai tsagewa, ciwo a hannu ko faso na hunturu, kada ya taɓa na gam sai ya warke.

Idan na gam ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15. Idan yaro ya haɗiye shi, kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja. A goge bakin, a tafi asibiti da robar da duk abin da aka haɗa da shi, ma'aikatan lafiya su ga abin da ya ci. Wanda ya maƙale a gashi, man gyaɗa da mataji ke fitar da shi, ba sai an kai ga almakashi ba.