Ƙazuwar ɗan kwikwiyo: suna ɗaya, cuta biyu

A 'yan kwanakin nan, duk wanda ya sanya hoton ɗan kwikwiyo mai zubar gashi a intanet yana neman shawara, amsa ɗaya yake samu: ƙazuwa ce, a ware shi, a shafa masa magani kaza. Har a shirye-shiryen kiwo na rediyo ana yanke wannan hukunci ba tare da an tambayi ko kwikwiyon yana susa ba, alhali wannan tambayar ce ta raba cututtuka biyu da aka haɗa a ƙarƙashin kalma ɗaya.

Ta farko ita ce ƙazuwa ta ainihi, wadda ƙaramin ƙwaron da ake kira Sarcoptes scabiei ke haddasawa. Macen tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai, kuma kafin mako uku ƙwan ya zama babban ƙwaro. Tana farawa daga gefen kunne, gwiwa da ciki, da ƙaiƙayin da ke hana kare barci. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma iya sa wa mutum ƙuraje na ɗan lokaci, don haka duk karnukan gidan ake yi wa magani tare, a wanke shimfiɗarsu.

Ta biyun ce ake zalunta da wannan suna. Ƙwaron Demodex canis yana zaune a ramin gashin kusan kowane lafiyayyen kare, kuma kwikwiyo yana samunsa ne daga uwarsa a kwana biyu ko ukun farko na rayuwarsa, lokacin da yake manne da ita yana shan nono. Ba baƙo ba ne a jikinsa. Yakan yi yawa ne kawai idan garkuwar jiki ba ta yi ƙwari ba, ko tsutsar ciki da rashin abinci mai kyau sun raunana ta. Shi ya sa ake ganin ɗan fili babu gashi a kewayen ido, ko a baki, ko a ƙafar gaba, kwikwiyon kuwa yana wasansa ba ya wata susa. Irin wannan ba ta kama mutum, ba ta kuma tsallakawa zuwa karen maƙwabci, kuma idan wurare kaɗan ta taɓa, mafi yawanci takan warke da kanta cikin wata biyu. Amma da zarar an ce ƙazuwa, sai a ɗaure jaririn dabba shi kaɗai a bayan gida, wani ma ya yar da shi, a daidai lokacin da kulawa ce maganinsa. A ganina kalmar da ke jawo wannan ba ta cancanci a riƙa furta ta da gaggawa ba.

Ido ba ya rarrabe su da tabbaci, balle hoto, ga shi kuma makero da cizon ƙuma su ma suna zubar da gashi. Likitan dabbobi yakan kankare fatar ya duba a madubin likita. Demodex yana bayyana cikin sauƙi, Sarcoptes kuwa sau da yawa ba a ganinsa ko da yana nan, shi ya sa likita kan ba da magani bisa alamu.

Magunguna irin su NexGard, Bravecto da Simparica suna kashe nau'o'in biyu, sai dai kowanne yana da mafi ƙarancin shekaru da nauyin da aka yarda a ba shi; NexGard, misali, sai kwikwiyo ya kai mako 8. Maganin Ivermectin yana iya kashe wasu jinsunan karnuka kamar Collie, saboda wata tawaya ta gado da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. Maganin kwantar da ƙaiƙayi mai sinadarin steroid yana ƙara wa Demodex ƙarfi. Baƙin man mota da wasu ke shafawa guba ne, domin fata tana tsotse shi, kwikwiyon kuma yana lasa. Idan Demodex ya mamaye jiki, ba a dakatar da magani don gashi ya tsiro. Ana ci gaba har sai an kankare fatar sau biyu, wata guda tsakani, ba a ga ƙwaron ba.