Waiwaye: wahalar da aka sha kafin haɗa kiɗa a Linux ya zama abin yi

Har gobe idan ka ce wa mai situdiyo a Linux, wato tsarin nan na kyauta da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kake haɗa kiɗa, wani irin kallo zai maka, wani ma tambaya zai yi wai dama Linux ɗin yana fitar da sauti? Kuma ba a ga laifinsa ba, don sunan da Linux ya yi a wannan harkar na wahala ne. Sai dai abin da yawancin mutane ba su sani ba, su sintesaiza ɗin, wato manhajojin da ke ƙirƙiro sauti daga lissafi zalla ba tare da ka sayi wani fiyano na ƙarfe ba, ba su ne matsalar ba, tun da wuri akwai masu kyau. Inda aka ci kwakwa shi ne hanyar da sautin zai bi daga yatsanka zuwa lasifika, sai kuma rigimar lasisi da kamfanoni.

Asalin abin ma ya girmi Linux nesa ba kusa ba. A 1957 Max Mathews ya rubuta manhajar MUSIC a Bell Labs da ke Amurka, a kan kwamfutar IBM 704, kuma lokacin ba maganar ka danna ka ji, lissafi za ka ba ta ka tafi harkarka, daga baya a juye sakamakon a saurara. Daga zuriyar nan ne Barry Vercoe na MIT ya fitar da Csound a 1986, shi ma rubutu ne, fayil ɗaya ka bayyana yadda kayan kiɗan yake, ɗaya kuma ka jera waɗanne sautuka za su fito da lokacinsu. Da yake a kan Unix, tsohon tsarin da Linux ya kwaikwaya, aka gina Csound, Linus Torvalds na sakin Linux a 1991 ba a wani daɗe ba ya samu wurin zama a can. Miller Puckette ya zo da Pure Data a 1996, James McCartney kuma ya buɗe SuperCollider ga kowa a 2002. To amma duk waɗannan kayan 'yan jami'a ne da masu bincike, shi makaɗi na gari ba ruwansa da rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta, so yake ya ɗora hannu a kan fiyano ya ji ƙara nan take.

Nan ne aka fara cin karo da bango. Direban sauti na farko a Linux, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da katin sauti, wani ɗan ƙasar Finland ne ya rubuta shi, Hannu Savolainen, wajen 1992, shi ne daga baya aka sani da OSS. Yana aiki, amma a yawancin katunan sauti manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe katin a lokaci guda, kamar ɗaki mai kujera ɗaya, wanda ya riga shiga ya zauna sauran sai dai su tsaya a waje. Ka buɗe sintesaiza, ka buɗe na rikodin, na biyun ya ce maka na'ura tana kan aiki, shi ke nan. Ga shi kuma Savolainen ya koma sayar da ingantaccen sigar ta kamfanin 4Front, abin bai yi wa jama'a daɗi ba. A 1998 Jaroslav Kysela daga Jamhuriyar Czech ya fara ALSA, asali ma direban katin Gravis Ultrasound yake gyarawa abin ya girma. An shigar da ALSA cikin kanel, wato zuciyar Linux, siga ta 2.5 a 2002, da 2.6 ya fito ƙarshen 2003 shi ya zama na dindindin. Ya zo da hanyar tura saƙon MIDI, wato bayanin wane maɓalli aka danna da lokacinsa, tsakanin manhajoji, wanda babban ci gaba ne.

Amma jinkiri fa? Bari in tsaya a nan kaɗan don shi ne zuciyar maganar. Kwamfuta ba ta tura sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa sannan ta miƙa wa katin. A ce kana aiki da samfur, wato ɗigon sauti, 48,000 a sakan ɗaya. Idan bafarka 1024 ce, cika ta kawai yana cin milisakan 21 da 'yan kai, kuma galibi biyu ko uku ake jerawa, ka ga kafin sautin ya iso kunnenka yatsanka ya riga ya tashi, duk mai kaɗa fiyano zai ji abin yana ja masa baya. Ka sauke ta zuwa 256 ka dawo milisakan 5.3, ka kai ta 64 ka samu 1.3, daɗi kenan. Matsalar ita ce yanzu kwamfutar dole ta gama lissafin duk sautukan da ka danna, da filta da amsa-kuwwa da komai, a cikin wannan ɗan taƙin lokacin, kowane zagaye, sau 750 a sakan ɗaya, ba fashi. Ta makara sau ɗaya tak, sai ka ji ƙas a lasifika. Shi ne abin da 'yan harkar ke kira xrun, kuma wanda ya yi zamanin ya san yadda ake zuba wa lambar nan ido tana hawa ana tsaka da rikodin, gaba na faɗuwa.

Shi kanel ɗin Linux an gina shi ne da tunanin saba, wato kwamfutar da ke hidima wa mutane da yawa, a raba wa kowane aiki lokaci a yi adalci, ba wai a dakatar da kowa saboda mai kiɗa yana sauri ba. Ingo Molnar ya fitar da faci, wato gyaran kod, na rage jinkiri, a shekarar 2000 ma masu manhajojin sauti suka haɗu suka rubuta wa Torvalds wasiƙa suna roƙon a shigar da gyaran, shi kuma ya ƙi karɓarsa a yadda yake don bai gamsu da tsarin kod ɗin ba. Haka aka yi ta tafiya, mai son kiɗa sai ya nemo kanel na musamman ko ya haɗa nasa da hannu. Wannan ne ya haifar da rabe-raben Linux na masu sauti, irin Planet CCRMA na jami'ar Stanford da Fernando Lopez-Lezcano ya kafa, da Ubuntu Studio a 2007, da AV Linux. Facin PREEMPT_RT kuwa, mai ba aikin gaggawa fifiko, wanda aka fara tun wajen 2004, sai a kanel 6.12 a 2024 ya gama shiga gaba ɗaya. Shekara 20 fa. Ko da yake gaskiya kafin lokacin kanel na yau da kullum ya riga ya gyaru sosai, yawancin mutane sun daina buƙatar na musamman.

Sai JACK. Paul Davis, wanda yana cikin ma'aikatan farko-farko na Amazon kafin ya bar su ya koma harkar sauti, shi ya jagoranci wannan a farkon shekarun 2000, kuma shi ne mai Ardour, manhajar rikodin da haɗa waƙa. Tunanin JACK mai kyau ne ƙwarai: kowace manhaja tana da kafar shiga da ta fita, kai kuma ka ja waya daga wannan zuwa waccan yadda ka ga dama, duk suna tafiya a kan agogo ɗaya. A tagar QjackCtl ta Rui Nuno Capela za ka ga layuka sun sarƙe, ganguna daga Hydrogen, sauti daga sintesaiza, Rosegarden na tura musu MIDI, duk suna zuba cikin Ardour. Lokacin ko masu Windows ba su da irin wannan 'yancin haka kawai. Amma wallahi ranar da za ka dawo kan waƙar da ka bari jiya, nan ake yin ta, sai ka buɗe manhaja biyar ɗaya bayan ɗaya, kowace ka loda mata fayil ɗinta, ka sake jona wayoyin, ka manta guda ɗaya kiɗan ya fito ba bes. An yi ta ƙirƙiro manhajojin da za su tuna maka duk wannan haɗin, LASH ne, LADISH ne, NSM ne, babu wanda kowa ya yarda da shi. Kuma dalilin wannan jone-jonen, Ardour kansa bai iya MIDI ba sai a siga ta 3 da ta fito a 2013, a ganina wannan jinkirin ya kori mutane fiye da duk wata matsalar kanel.

Ana cikin haka PulseAudio na Lennart Poettering ya shigo, Fedora ta ɗauke shi a 2007, Ubuntu a 2008, don sautin yau da kullum na burauza da bidiyo. Shi da JACK kuma kowa katin yake so. Ka kunna JACK ka shiga YouTube don ka kalli darasi, shiru kake ji. An gudu ba a tsira ba.

Ɓangaren fulogin kuma, wato ƙananan manhajojin da ake sokawa cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, rigimar ta takarda ce, ba ta fasaha ba. Steinberg na Jamus ya fito da tsarin fulogin mai suna VST a 1996, a 1999 siga ta 2 ta ba da damar sintesaiza ya zauna a cikin manhajar haɗa kiɗa kai tsaye, duniya ta koma can. Amma a lokacin lasisin kayan aikin VST bai yarda ka sake rarraba fayilolinsa ba, lasisin GPL kuma, wanda yawancin manhajojin Linux ke kansa, cewa yake dole ka bayar da duk kod ɗin, to ka ga ba sa haɗuwa. Sai 'yan Linux suka yi nasu. LADSPA na Richard Furse a 2000, mai sauƙi, amma na gyaran sauti ne kawai, bai san MIDI ba. DSSI a 2004 ya toshe wannan ramin. Sannan LV2, wanda Steve Harris da David Robillard suka yi wa aiki, ya zo da tsarin da za a iya faɗaɗawa. LV2 ba shi da laifi ko kaɗan, illa dai manyan kamfanonin fulogin ba su ko kalle shi ba. Masu manhajar haɗa kiɗa ta LMMS kuwa wata dabara suka yi, suka rubuta nasu fayil ɗin da ke magana da VST daga tushe, VeSTige, suna loda fulogin na Windows ta cikin Wine, manhajar da ke sa kayan Windows su yi aiki a Linux.

Duk da wannan hargitsin, ka duba abin da ake da shi. A 2002 Nasca Octavian Paul daga Romaniya ya saki ZynAddSubFX, injina uku a ciki daga baya, ɗaya yana tara ƙananan sautuka ya gina babba, ɗaya yana tace hayaniya ya fitar da murya, na ukun PADsynth kuma shimfiɗaɗɗen sauti yake bayarwa mai kauri wanda har yau ban ji na kuɗi da ya kunyata shi ba. Fuskarsa ce dai sai a hankali, taga a kan taga, ƙananan maɓallai kamar ba don ɗan adam aka yi ba. A 2009 aka tsage Yoshimi daga jikinsa. FluidSynth na Peter Hanappe yana kaɗa fayilolin SoundFont masu ɗauke da naɗaɗɗen sautin kayan kiɗa, kuma yana ɓoye a cikin manhajoji da yawa mutane na amfani da shi ba su sani ba. A 2003 ma masu wannan harka suka fara taron shekara-shekara, na farko a cibiyar ZKM da ke Karlsruhe.

Canjin gaske daga 2014 ya fara, kuma abin da wasu 'yan a-mutun buɗaɗɗiyar manhaja ba sa son ji shi ne 'yan kasuwa sun taka rawa. Bitwig Studio, manhajar haɗa kiɗa ta wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin Ableton a Berlin, ya fito da sigar Linux tun ranar farko. Kamfanin u-he ya fara sakin sintesaizansa na Linux. A 2017 Steinberg ya sa VST3 a ƙarƙashin GPLv3 tare da tallafin Linux, a 2018 Reaper, shi ma na haɗa kiɗa, ya fito da nasa na Linux. A dai 2018 ɗin Claes Johanson ya buɗe kod ɗin sintesaizar Surge, wanda da sayar da shi yake, 'yan sa-kai suka karɓa suka mayar da shi Surge XT. Matt Tytel ya saki Vital a 2020. Ga Dexed mai kwaikwayon Yamaha DX7 na 1983, har fayilolin sautin tsohuwar na'urar yana karantawa, ga VCV Rack na Andrew Belt tun 2017 ga masu son jona wayoyi. Abin lura, waɗannan ba don Linux kaɗai aka yi su ba, masu Windows da Mac ma su suke amfani da su, yawanci an gina su da kayan aiki irin JUCE da ke fitar da siga uku daga kod ɗaya. Wato ba LV2 ne ya ci duniya ba, duniyar ce ta sauƙaƙa wa kanta fitar da sigar Linux.

Rigimar JACK da PulseAudio kuma Wim Taymans na Red Hat ne ya kashe ta da PipeWire, wanda ke amsa wa kowanne da yarensa, manhajar JACK ta ɗauka da JACK take magana, burauza ta ɗauka PulseAudio ne. Fedora 34 ta fara sa shi a 2021, Ubuntu ta bi a 22.10. A 2022 Bitwig da u-he suka sanar da CLAP, sabon tsarin fulogin mai buɗaɗɗen lasisi da ake kira MIT, wanda ba sai ka sa hannu a wata yarjejeniya ba.

To me ya rage? FL Studio da Ableton Live da Pro Tools babu sigar Linux. Kontakt, wanda yawancin manyan taskokin sautin goge da ƙaho da ganguna ke kansa, shi ma babu. Katin sauti na USB idan mai bin ƙa'idar gama-gari ne ka soka kawai ya tashi, amma manhajar saita shi ta kamfanin sau da yawa ta Windows da Mac ce kaɗai. Abin dariyar, wasu kamfanonin da kansu Linux suke sakawa a cikin na'urorinsu, Korg Kronos na 2011 misali a kansa yake gudana, mai shi yana kaɗawa a dandali bai ma sani ba.

Ga wanda ya riga ya zuba kuɗi a fulogin na Windows, gadar da ake bi yanzu ita ce yabridge na Robbert van der Helm, tun 2020. Yana sa fulogin ɗin ya bayyana a Ardour ko Reaper kamar ɗan gida, alhali Wine ne ke ɗauke da shi a baya, kuma da yawa suna aiki lafiya lau. Inda ake yawan maƙalewa shi ne manhajojin tsaron lasisi, fulogin ɗin kansa zai tashi amma mai gadin ƙofar ya ƙi. Sannan komai ya dogara da Wine, ranar da ya canza wani abu kai ma ka ji a jikinka. A ƙarshen 2024 da Wine 9.22 ya fito, linzami ya daina faɗawa daidai a tagogin fulogin, ka danna nan ya taɓa can, mutane da yawa sai da suka koma 9.21 suka kulle sabuntawa suna jiran gyara.